Ranar da Ƙarfen Tarago Ya Yi Shiru

Akwai wata ranar Alhamis da ba na jin za ta fita daga raina har ranar da za a kai ni makwancina. Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da waɗanda na ɗauka ba za su mantu ba, amma wannan tana nan daram. Ko yanzu da nake rubutun nan, in na runtse ido sai in ji warin baƙin mai a hannuna, in ji ihun jirgi yana tahowa daga gabas.

Gonarmu ta gado tana jingine da layin dogo, nan wajen Zakirai. A yankinmu ƙasa ba ta da sarari: inda geron wani ya ƙare, nan gyaɗar wani ta fara, in ka yi atishawa a kunyarka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Mun yi shekaru layin yana kwance, ciyawa ta rufe shi, mata suna shanya kuɓewa a dakalin tasha, awaki suna kwanciya a tsakiyar dogo. Sai kuma Allah ya kawo lokacin da aka gyara, jirgin kaya ya dawo yana wucewa jefi-jefi.

Kafin in shiga labarin, sai na faɗi wani hali nawa, don shi ne tushen komai. Ni mutum ne da ba ya iya jin ƙarfe yana kuka ya wuce. Ina da wani tsohon galan da nake tara baƙin mai a ciki, wanda masu injin ban ruwa da masu babura ke juyewa in sun yi canji. Ƙyauren masallacinmu in ya fara ƙara, ni ne. Ƙafar amalanken maƙwabci, baron masu ɗebo ruwa, keken ɗinkin uwargidana, duk ni ne. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda nake jira ya gode mini. A ganina ƙarfen da ke kuka cin kansa yake yi, wanda kuwa ya ɗiga masa mai ya yi sadaka. Har tsokanata ake yi a gari, in na zo wucewa a ce, “Malam, ga gwiwar tsohuwata tana ƙara, a taimaka da galan.” In yi dariya in wuce. A cikin raina kuwa, gaskiya, ina jin daɗin sunan.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke ce masa duk da a lokacin yana da mata da 'ya'ya uku. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu. Ya ƙware da dabba, irin mutanen nan ne da bijimi zai yi wa kowa tsaye amma ya sunkuyar masa da kai. Da babbar salla ta matso, wani Alhaji dillalin shanu daga cikin birni ya sayi bijiman turka a ƙauyukanmu, ya nemi a ajiye masa tarago biyu a ɗan layin gefe na tasharmu, a loda su a kai kudu. Kowane tarago yana bukatar mutum a ciki, wanda zai riƙa tayar da wanda ya kwanta don kada 'yan'uwansa su tattake shi, ya ba su ruwa da harawa. Alhaji ya ɗauki Auta.

Ran Talata da hantsi jirgi ya kawo taragan. Ina cikin gona ina noma na biyu, na ɗaga kai ina kallo. Da kan jirgin ya turo su cikin layin gefe suka haɗu da juna, sai na ji wata ƙara ta fito daga tsakaninsu, doguwa, mai shiga haƙori, kamar ana jan garma a kan fa. Na ajiye fartanya. Na ce a raina, yanzu jama'a duk ma'aikatan nan ba wanda ya ji wannan? A cikin wannan abin za a sa ɗan'uwana ya yi kwana da kwanaki?

Ran Laraba bayan la'asar na ɗauki galan da mazurari da guntun tiyo na nufi tasha. Ba kowa, sai kaji. Na riga na san wanda Auta zai shiga, don ya nuna mini, na gaban. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mahaɗin, wato ƙaton kan ƙarfen nan mai kamar dunƙulallen hannu da ke kama na ɗan'uwansa. Na ga wuyansa ya shige cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tarago, bakin akwatin a bushe ƙamas, har wani jan gari-gari yake zubarwa. Na ce, ga ciwon nan. A jikin tarago, daidai saman wurin, akwai wani rubutu da farin fenti. Na gan shi sarai. Ni karatuna na allo ne da littattafai, ajami nake karantawa nake rubutawa, boko kuwa ko sunana ba na ganewa a cikinsa. Na dube shi kamar yadda ake duban zanen bango, na kawar da kai. Na yi bisimilla, na kwanta rigingine a kan tsakuwa, na cusa tiyo har inda ya tsaya, na tsiyaya. Na zagaya ɗaya ƙarshen na yi haka nan. Kafin in kai ga tarago na biyu man ya ƙare. Na ce ba komai, na ɗan'uwana dai ya samu.

Na koma gida da farin ciki, ban gaya wa kowa ba, don an koya mana alheri ya fi lada in an ɓoye shi. Ku duba yadda mutum ke iya tafiya zuwa ga halaka yana ganin aljanna ya nufa.

Alhamis tun da sassafe gari ya tashi zuwa tasha. Lodin bijimai ba ƙaramin kallo ba ne. Ana ja, ana turawa, ana murɗa wutsiya, wani ya cije a bakin ƙofa sai an rufe masa ido da buhu. Mu da ba mu da aiki muka zauna a gindin darbejiya wajen mai shayi. A cikinmu akwai wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa duka a aikin jirgi, yana duba taragai. Ya yi ritaya ya dawo gida, amma bai rabu da 'yar gudumarsa mai dogon ƙota ba, da ita yake dogarawa kamar sanda. Yatsu biyu na hagunsa sun tafi a aikin. Baba kowa ke ce masa.

Wani mai babur, mai yawan baki, ya dube ni ya ce, “Malam, shekaranjiya ka ji kukan da taragan nan suka yi kuwa? Ai na ce yau galan zai ga aiki. Ko jirgi ya fi ƙarfinka?”

Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi irin na wanda ya san abin da ba a sani ba. Har na buɗe baki, sai Baba ya riga ni.

“Kai dai Allah ya kiyaye,” in ji shi. “Wannan kukan da ka ji, lafiyarsa ke nan. Ran da ka ji ya yi shiru, tattara rigarka ka ba shi wuri.”

“Haba Baba, ƙarfe yana ihu ka ce lafiya?” in ji mai babur.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ce, “Kai da aka haifa cikin shanu. In bijimi ya zabura da igiya a hannunka, me kake yi? Tsayawa kake ku yi ja?”

“A'a, naɗa ta nake a turke.”

“Yauwa. Ka naɗa, ka bar ta tana tafiya a hankali, tana cin itacen, tana kuka, har ƙarfinsa ya ƙare ya tsaya. To je ka shafe turken da man gyaɗa, ka dawo ka ba mu labari, in da sauran haƙori a bakinka.”

Aka sake fashewa da dariya. Ni ban yi ba.

Baba ya ci gaba, yana zane a ƙasa da ƙotar guduma. Ya ce a cikin akwatin nan da ke bayan mahaɗi akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, mai kaurin cinyarsa, a gabansa kuma akwai wasu ƙarafa masu kamar weji, irin wanda ake cusawa a tsaga itace. In tarago ya daki ɗan'uwansa, sai ƙarafan su matsu su buɗe, su ciji bangon akwatin, su tafi suna gurzarsa. Gurzar nan ita ke shanye dukan kafin ya kai ga abin da ke cikin tarago, ko buhu ne ko dabba ko mutum. Shi sifirin aikinsa kawai ya mayar da su mazauninsu. “Shi ya sa ba a sa masa mai,” in ji shi. “Ko ɗigo. A duk jikin jirgi nan ne wurin da ake so ya zauna a bushe.”

Na ji muryata ta fito, kamar ta wani ce. Na ce, “To Baba, a misali, in mai ya shiga fa?”

“Sai su sulale kamar tarwaɗa. Su je ƙarshe su daki gindin akwati, ƙarfe da ƙarfe, sannan sifirin ya watso su baya. Duka biyu ke nan, na zuwa da na dawowa. Na taɓa ganin tarago cike da buhunan gyaɗa ya yi haka, buhunan suka fasa katakon gaba suka fito.”

“Shi wanda ya zuba fa?” in ji mai babur.

“Wa zai zuba in ba mahaukaci ko maƙiyi ba? Ai taɓa kayan jirgi ba wasa ba ne. Sai dai danginsa su riƙa kai masa tuwo gidan yari.”

Shayin da ke hannuna ban san lokacin da ya zube a kan ƙafata ba.

Nan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Zuba man jahilci ne, kuma Allah yana yafe wa wanda bai sani ba. Amma daga wannan lokacin na sani. Rana ba ta yi tsaka ba, jirgi bai iso ba, Baba yana zaune kusa da ni har kafaɗarmu tana gogar juna. Kalma huɗu ko biyar ta isa. Ban faɗe su ba. Tsoron gidan yari ne ya hana ni. Na ga kaina da ankwa ana wucewa da ni ta ƙofar masallacin da nake jan salla in liman ba ya nan. Na ga uwargidana, na ga 'ya'yana mata da ba a aurar ba. Shaiɗan kuma ya zo ya zauna a ɗaya kafaɗar yana ba ni fatawa: ai man ba shi da yawa, ai ƙila bai kai ciki ba, ai tsofaffi da ƙarin gishiri, ai komai ƙaddara ne.

Na tashi kamar mai zagayawa, na bi ta bayan taragon. A ƙarƙashin mahaɗin, tsakuwa ta yi baƙi ƙirin, man yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya. Na duba hagu na duba dama. Sannan na sa ƙafa na turo ƙasa na rufe wurin. Ni, da gemuna, da carbi a aljihu. Wannan turin ƙasar ya fi komai tsaya mini a rai. Duk istigfarin da nake yi tun daga ranar, rabinsa nasa ne.

“Yaya!”

Na zabura. Auta ne, ya leƙo ta tsakanin katakan tarago, fuskarsa duk gumi, yana dariya. An gama lodi, an rufe ƙofa an sa sakata ta waje. A bayansa ƙahoni ne kawai ke motsi, farare, dogaye, wani ya fi hannuna tsawo.

“Yaya, me kake nema a ƙasa? Ko galan ɗin ne ya faɗi?”

Na ce, “Auta, ba ka fito ka sha iska ba kafin jirgi ya zo?”

“In fito in bar wa wa? Wannan jan na kusa da ni tun ɗazu yake neman kwanciya. In na matsa sai ya zube.” Ya shafa wuyan bijimin. “Ka dai riƙa leƙa mini gida. Ƙaramar tana tari, na gaya wa uwarta in bai sauka ba ta zo wajenka. Me zan taho maka da shi daga kurmi? Goro ko manja? Kai dai na san mai za ka ce.”

Na ce, “Allah ya tsare.” Ya ce, “Amin, Yaya. Ka sa mu a addu'a, taka tana ci.”

Na koma gindin darbejiya na ɗauki buta, na ce bari in yi alwala ko zuciyata ta kwanta. Da na zo wanke hannu sai na ga ƙarƙashin faratuna baƙi, ruwan yana zamewa a fatar ba ya kamawa. Ina cikin murzawa da ƙasa na ji ihun jirgi daga gabas, can nesa, bayan kukokin nan na hanyar kasuwa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da kura ta biyo ni ina saurayi. Wancan tsoron gudu yake sa ka. Wannan kuwa ƙafa yake riƙewa.

Jirgin ya iso da dogon jerin taragai masu nauyi, ya wuce tasha, ya tsaya. Aka juya masa hanya, ya fara dawowa da baya cikin layin gefe don ya ɗauki namu. Mai tuta yana can ɗaya ɓangaren yana yi wa direba alama. Ina kallon ƙarshen jerin yana matsowa, ƙafafun ƙarfe suna juyawa a hankali, yara suna tsalle suna tafi. Matar Auta tana tsaye da goyo, ta ɗaga masa hannu. Tsakanin jirgi da taragon bai fi tsawon kunya goma ba lokacin da Allah ya kwance mini harshe.

Na cafki hannun rigar Baba. Na ce, “Baba, na zuba.”

“Ka zuba me?”

“Mai. Jiya. A na Auta, gaba da baya.”

Bai zage ni ba, bai ma dube ni sau biyu ba. Tsohon da sai ya dogara yake tashi, sai ga shi yana gudu, hularsa ta faɗi, yana ɗaga guduma sama yana ihu, “A tsaya! A tsaya!” Ni kuma na ruga wajen tarago ina dukan katako ina cewa, “Auta, hau sama! Kama ƙarfen sama!” Amma shanu suna kuka, ƙafafun jirgi suna ƙara, mai tuta yana bayan taragai ba ya ganin kowa. Auta ya kawo kunnensa jikin katako yana cewa, “Me ka ce, Yaya?”

Sai suka haɗu.

Kukan nan da na tsana, wanda na kwanta a tsakuwa don in kashe shi, a wannan lokacin da za a ce in ba da gonata in ji shi, da na bayar. Bai zo ba. Shiru ne na ƙiftawar ido, sannan wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin randa. Taragon ya zabura baya, ya daki na bayansa, ya sake watsowa gaba. Na bayan, wanda maina bai kai gare shi ba, shi ya yi doguwar ƙarar nan tasa, shanun cikinsa suka yi tangaɗi suka tsaya da ƙafafunsu. Na Auta kuwa, na ji abin da ke ciki ya tafi gaba ɗaya ya haɗu da bango, kamar an juye buhun duwatsu. Ƙura ta fito ta tsakanin katakai. Ƙahonin da nake gani ɗazu a sama, babu su.

Na kira shi. Na sake kira. Ba amsa sai gurnanin dabbobi da dukan kofato. Matarsa ta kurma ihu, ihun da har yau in wata mace ta yi irinsa a gari sai na zauna.

Sakatar ta cije saboda dukan, sai da Baba ya sa guduma. Da ƙofa ta buɗe, bijimai uku suna ƙasa a kan juna, sauran suna tattaka su suna neman hanya. Mahauta da samari suka shiga da igiyoyi, ana ja ana salati. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ba abin da nake iya faɗa sai innalillahi. Da aka ɗaga na biyu sai na hango ƙafar mutum. Aka ɗaga jan nan da yake lallashi, sai ga Auta a kusurwa, a naɗe. Ƙaho ya shiga ta hammatar rigarsa ya kafe a katako, ya tokare shi a wurin, tsakanin tsinin da haƙarƙarinsa bai kai faɗin yatsa biyu ba. Cinyarsa ta dama ta juya inda cinya ba ta juyawa. Idonsa a rufe.

Baba ya sa kunne a ƙirjinsa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, a wajena shekara ce. Ya ɗago ya ce, “Da ransa. Ku kawo ƙyaure.”

A kan ƙyauren shagon mai shayi aka ɗauke shi zuwa bakin titi, aka tare bas aka sauke fasinjoji, aka nufi asibiti a birni. Jan bijimin ya karye a ƙafar gaba, nan take aka yanka shi kafin ya zama mushe. Ni ban bi motar ba. Shugaban tasha ya zo, Alhaji ya zo yana huci yana neman direba da faɗa, yana cewa, “Wannan wane irin tuƙi ne? Dabbobi ne a ciki ko duwatsu?” Na ga za a ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba. Na je na durƙusa, na sa hannu na tone ƙasar da na tura, baƙar tsakuwa ta fito. Na ce, “Ba shi ba ne. Ni ne.”

Alhaji ya dube ni ya dubi ƙasa. Ya ce, “Malam, kai? Me muka yi maka?”

Na ce, “Taimako na yi niyya, Alhaji.”

“Taimako!” Ya tafa hannu ya juya.

Abin da na ji tsoro ya zo, amma bai kai yadda na zana shi ba. An tafi da ni, an yi mini tambayoyi har la'asar, an rubuta. Mai gari ya zo da kansa, Baba ya tsaya ya ce ya san ni tun ina yaro, wauta ce ba mugunta ba. Aka ja mini kunne aka sallame ni. An cire taragon daga jerin, aka ce sai an kwance akwatunan biyu an canja. Baba ya gaya mini daga baya cewa da ya kama hanya a haka, duk birki da duk gangara sai ya yi wannan dukan, cikin dajin da ba asibiti ba mai ɗauka. Ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba, don ni na san da na yi magana a gindin darbejiya, da ko dukan farko ba a yi ba.

Kwana uku na yi kafin in iya shiga wajen Auta. Na same shi an rataye ƙafar da ƙarfe da igiya. Ya gan ni ya yi murmushin ƙarfin hali, ya ce, “Yaya, an ce kai ka yi wa jirgi sadaka. Da ka bari ka zuba mini a cinyar nan, ita ce ke ƙara yanzu.”

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, “Auta, akwai abin da ba a gaya maka ba. Lokacin da ka leƙo kana tambayata me nake nema a ƙasa, na riga na sani. Baba ya yi bayani tun hantsi. Rufe man nake yi.”

Murmushin ya tafi. Ya ce, “Kana tsaye ina ce maka ka sa mu a addu'a?”

“Ina tsaye.”

Ya juya fuskarsa bango. Na zauna har aka kira azahar bai juyo ba, na tashi na fita.

Haka muka yi wata biyu. Ina zuwa, ina kai abinci, ina nome gonarsa tare da tawa, yana amsa gaisuwa da kalma ɗaya. Sai bayan an kawo shi gida, ranar da ya fara takawa da sanda, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure. Ya ce, “Yaya, man ban taɓa riƙe ka da shi ba, don ni ka zuba. Shirun ne ya yi mini ciwo. Amma na yi ta juya abin, na ga da ka so, da ka mutu da shi ba wanda ya sani, ka zo ka faɗa mini da bakinka. Na yafe. Kama ni mu je masallaci, ƙafar nan ba ta san hanya ba tukuna.”

Har yau yana ɗingishi. Bai ƙara bin shanu kudu ba, sai turka a gida. In muna tafiya tare ina jin sandarsa tana taɓa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗigar man nan.

Kafin a janye taragon na roƙi Baba ya raka ni ya karanta mini farin rubutun. Ya bi shi da guntun yatsansa, ya ce, “Cewa aka yi kada a sa mai a nan.” Kalmomi kaɗan, a saitin goshina, ina kwance ƙarƙashinsu ina bisimilla. Na nemi izinin shugaban tasha, na samo fenti, na rubuta su da ajami a bangon da ke kallon layin gefe, da manyan baƙaƙe, don irina suna da yawa a ƙauyukan nan. Rubutun yana nan, ina sabunta shi duk bayan damina.

Galan ɗina ma yana nan, ban jefar ba, ƙyauren masallaci bai daina bukata ba. Amma yanzu ko baron yara ne sai na tambayi mai shi. Na koyi cewa kyakkyawar niyya ba ta zama ilimi, kuma wani kukan da kake son kashewa shi ke riƙe da ran wani. Abin da ya fi wannan, na koyi cewa in ka gane ka yi kuskure, lokacin faɗa shi ne wannan numfashin da kake ciki, ba na gaba ba. Ni na jira daga hantsi zuwa kusan azahar don in tsare mutuncina, ɗan'uwana ne ya biya da ƙafarsa. Allah ya yafe mana abin da muka yi da rashin sani, ya kuma ba mu ƙarfin buɗe baki a kan wanda muka sani.